Sawu Biyu a Ɗakin Malam Nata'ala

Ranar Juma'ar nan, ana saukowa daga masallaci, Gwarzo ta ɗauka: hoton Malam Nata'ala ya ɓace daga bango. Kuma ba ɓatan ne ya tsinka wa mutane zuciya ba, abin da aka gani a ƙasa ne. Sawu biyu sun shiga ɗakin, babu ko ɗaya da ya fito.

Bari dai a faro daga soron, saboda wanda bai san shi ba. Tsohon ginin ƙasa ne, ya haura shekara ɗari, rufin azara, bangon nan kauri kamar me. A ciki Malam Nata'ala ya yi shekara arba'in yana ba da karatu, a ciki kuma ya cika. Daga nan aka garƙame shi shekara goma sha biyar, jemagu suka tare. Sai bana jikarsa Najwa, wadda ta yi karatun zane a jami'a, ta yi ta roƙon babanta Alhaji Bashari har ya ba ta makulli. Ta sa aka yi yaɓe, aka shafe, ta jera zane-zanenta da na abokan karatunta. Ai kuwa mutane suka dinga zuwa kallo, har daga Kano ake cika mota. Ɗakin ƙurya kaɗai ta hana a sa wa siminti. Rairayi ne a shimfiɗe kamar yadda yake tun da, buzun Malam yana nan inda ya bar shi, hoton nasa da ta zana da hannunta yana rataye daidai saman buzun. Duk mai shiga sai ya tuɓe takalmi.

Mai share wurin ita ce Asiya, 'yar Gammo ce da aure ya kawo ta Gwarzo, tana goyon 'yarta Khairiyya, wata biyar. Ita ke riƙe da makulli. Kullum in an tashi sai ta bi rairayin nan da tsintsiya ta daidaita shi sumul. Ranar Juma'a ƙarfe sha biyu ake rufewa, maza duk suna masallaci, to wa za a kalla in ba ita ba? Alhaji Bashari ya ce shi ba ya son surutu, amma in la'asar ɗin gobe ta yi hoton bai dawo ba, 'yan sanda ne za su tambaye ta, da goyon da komai.

Asiya ta ari waya ta kira kawunta.

Haladu ke nan, ƙanin mahaifiyarta, mai bin sawu. Iyayensa makiyaya ne kafin su zauna noma, shi kuma tun yana ƙarami ƙasa yake kallo. In an sace akuya a Gammo ko saniya ta ɓata a Getso, shi ake aika wa. Yana duban sawun saniya zai ce maka tana da ciki. Amma hoto? Ya ce shi bai taɓa bin sawun hoto ba, sai dai kukan Asiya da ya ji a waya ya hana shi cin tuwo.

Da hantsin Asabar ɗan acaɓa ya sauke shi a ƙofar soron. Jama'a sun yi cirko-cirko, amma ba mai matsowa kusa. Wata tsohuwa tana rantsuwa wai Malam ne ya zo da rakiya ya ɗauke kamanninsa, don bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba yana da rai. Wani ya ce tun da aka kori jemagun nan ya san za a rina. Haladu ya gaisa da kowa a tsanake, ya tambayi gida da gona da ruwa, sannan Najwa ta shige gaba ya bi ta.

Yana shiga ya tsaya. Shi a ransa ya ɗauka hotunan kalanda zai gani. Sai ga mata a bakin famfo, an zana su dogaye har suna taɓo rufi, jarkokinsu rawaya kamar za su kama da wuta. Ga butoci na roba sun fi hamsin, an rataye su da zare daga azara, iska ba ta kaɗawa amma suna juyawa a hankali. A tsakiyar ɗaki na biyu kuma ga sa guda, an ƙera shi da sarƙar babur da tsofaffin fartanyoyi. Haladu ya zagaya shi sau biyu.

"Wanda ya ƙera wannan bai taɓa kiwo ba," in ji shi. "Sa ba ya tsayuwa haka sai in ƙafarsa na ciwo."

Najwa ta yi dariya, ta ce tun jiya sai yanzu bakinta ya buɗe. Ta ce ita ta ƙera shi.

Ɗakin ƙurya kuwa ba wurin dariya ba ne. Najwa ta kulle shi tun jiya, ba wanda ya taka. Da ta buɗe, wani sanyi ya bugi Haladu a fuska, da warin tsohuwar tawada. Taga ɗaya ce 'yar ƙarama can sama. Ƙusa tana nan a bango ita kaɗai. Buzun kuma ya lotsa a tsakiya, kamar yanzun nan wani ya tashi daga kai. Bai san sanda ya yi sallama ba.

Ga sawun nan kuwa, layi biyu, daga bakin ƙofa har gaban buzu, duk yatsun suna fuskantar bango.

Ya tsuguna a dokin ƙofa ya daɗe. Ya karɓi wayar Najwa ya kunna fitilarta, ya kwantar da ita a ƙasa yadda haske zai bi ta kan rairayi a kaikaice, kowane ɗan rami ya yi inuwa. Nan ya ga ƙafa ɗaya ce ta yi layin biyu: babban yatsan dama ya karkata ya hau na kusa da shi, dunduniya duk faso. A layin farko dunduniya ce ke fara nutsewa, irin tafiyar kowa. A na biyu yatsu ne suka fara sauka, takun gajeru ne, rairayin kuma ta baya ya turu. A gaban buzun akwai wasu ramuka biyu zagayayyu da bai gane ba. Ya nemi faifai ya kifa a kan sawun da ya fi fitowa.

Ya fito ya tarar da Alhaji Bashari a zaure. Don ya kwantar wa mutane da hankali, sai ya ce babu wata fatalwa, mutum ɗaya ne ya shiga, da baya ya fito.

Alhaji ya gyara zama. "To ai ka gama aikin, Malam Haladu. Wa ke fita daga ɗakin nan da baya kullum in ba 'yarka ba? Haka take shara."

Haladu ya ji kamar ya haɗiye harshensa. Ya ce mai shara ai gogewa take tana tafiya, ba ta barin sawu. Ya sa Asiya ta taka gefen ƙofa, ya nuna yatsanta a miƙe yake, dunduniyarta sumul. Amma tsawon ƙafar kusan ɗaya ne. Alhaji ya leƙa ya ce shi ƙafa kawai yake gani, kuma ba wanda zai sa kawu ya ba da shaida a kan 'yarsa. Daga nan Haladu ya san faɗa da baki ba za ta fisshe shi ba, sai abin da idon kowa zai gani.

Ya ja Asiya gefe. Idonta ya kumbura, Khairiyya kuwa tana bayanta tana ta wasa da kunnen uwar, ba ruwanta. Ya tambaye ta ko ta kulle ƙofa jiya. Ta ce ta kulle. Ya ƙura mata ido. Sai ta fashe da kuka, ta ce wallahi jawowa kawai ta yi, yarinyar ce ta ɓata mata zanin goyo tun daga baya har ƙasa, ta ruga gida ta wanke, ta ce yanzu za ta dawo, sai tuwon rana ya riƙe ta. Tsoro ya hana ta faɗa.

"Kawu, in suka tafi da ni wa zai ba ta nono?"

Ya ce ta share hawaye, la'asar ba ta yi ba tukuna.

Suna tsaye sai ga wata dattijuwa daga cikin gida da ƙwaryar fura, hijabinta har ƙasa, takalminta rufaffe. Goggo Zinariya ke nan, yayar Alhaji Bashari, babbar 'yar Malam. Ta ajiye furar gaban Asiya ta ce ta sha saboda goyo. Haladu ya gaishe ta, ya tambaya ko ta ga wani abu jiya. Ta ce ita tun ranar da aka fitar da gawar mahaifinta ba ta waiwayi soron ba. Tana magana tana kallon ƙasa, ko sau ɗaya ba ta dubi ƙofar ba. Bayan ta koma Najwa ta ce Goggo haka take, ita ce ta yi shekara talatin tana kai wa Malam abinci da ruwan alwala, har yau in aka ambace shi sai ta bar wurin.

Mutum biyu gari ke zargi bayan Asiya. Na farko Hambali, dillalin tsofaffin kaya, wanda ya taya hoton har sau uku Najwa ta ƙi. An ce an gan shi jiya da wani abu mai faɗi a naɗe a bayan babur. Gajere ne, ƙafarsa ƙarama, Haladu har ya fara sa rai. Da aka je gidansa sai Hambali ya nuna saman kwano yana dariya: faifan sola ne, matarsa ta hana shi sakat sai ya sayo. Ya tuɓe silifas ya miƙa ƙafa, yatsunsa a baje kamar na agwagwa.

Ya ce shi ko kyauta aka ba shi hoton nan ba zai kwana ɗaki ɗaya da shi ba, idon yana bin mutum duk inda ya tsaya. Mutanen birni ne ke son irinsa, tsoho kai ba hula, furfura a waje.

Haladu ya ce, "Ba hula?"

Najwa ta nuna masa a waya. Dattijo ne zaune, hannun riga a naɗe, kansa a buɗe, yana kallon ƙasa-ƙasa kamar mai duban ƙaramin yaro, bakinsa na shirin murmushi. Haladu ya mayar mata da wayar da sauri. Bai taɓa ganin Malam Nata'ala ba, amma sai ya ji kamar ya leƙa ɗakin da ba a yi masa izini ba.

Na biyu Malam Badruddeen, mai koyarwa a Islamiyyar unguwa, wanda ya yi ta wa'azi a kan rataye surar mutum. Shi kullum cikin safa yake. Haladu ya ce bari ya jira alwalar azahar ya ga ƙafar, sai ga mutumin ya shafa a kan safa ya miƙe. Dole ya roƙe shi a fili. Malam Badruddeen ya cire ba musu, ƙafa zanƙaleliya, ko kusa ba ita ba ce. Ya ce shi da zai sauke hoton, da rana tsaka zai zo gaban kowa. Kuma ba hoton kaɗai ke damunsa ba, har buzun nan da aka bari. Ya ce mutanen zamanin da ai durƙusawa suke a gaban malaminsu, gwiwa biyu a ƙasa, kamar ba ɗan Adam ba, shi kam bai taɓa yi wa kowa ba.

Haladu bai ji sauran wa'azin ba. Gwiwa biyu a ƙasa. Ramukan nan biyu na gaban buzu suka dawo masa. Ɓarawo ba ya durƙusa wa abin da ya zo sata. Kuma ba don ya ruɗa kowa ya fita da baya ba, ƙafarsa ce ta saba.

Bayan azahar ya ce a tara kowa a ɗakin ƙurya: Alhaji Bashari, Najwa, Asiya, Hambali, Malam Badruddeen. Ya ce kuma ba zai buɗe baki ba sai babbar gidan tana wurin, don ɗakin ubanta ne. Sau biyu aka aika Goggo Zinariya ta ce ba ta jin daɗi. A na uku Alhaji ya je da kansa ya ce, "Yaya, ki daure, mu rabu da maganar nan." Ta zo, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta raɓe can jikin bango, hijabi ya rufe ƙafarta.

Hasken tagar nan ya sauko ya tsaya a kan buzu, kowa yana kauce wa kallonsa. Khairiyya ce kaɗai ta ƙura wa wurin ido tana ɓangale baki, kamar akwai mai yi mata wasa, har Asiya ta juya ta da sauri.

Haladu ya yi gyaran murya. Ya ce ya bi sawun shanu shekara arba'in, amma wannan ya fi ƙarfinsa. A yi haƙuri, kowa ya tafi, ɗaya bayan ɗaya saboda ƙofar ƙarama ce.

Asiya ta dube shi kamar ya mare ta. Alhaji Bashari ya yi tsaki, ya juya ya fice yana laluben waya a aljihu. Malam Badruddeen ya juya ya bi shi. Hambali ma. Najwa ta kama hannun Asiya suka juya suka fita. Haladu yana bakin ƙofa, ya ɗaga musu hannu su tsaya, ya nuna ciki.

Goggo Zinariya ita kaɗai ta rage. Ba ta san ana kallonta ba, idonta na kan buzun. Ta matsa gabansa, ta sauke gwiwa biyu a rairayi, ta sunkuyar da kai, leɓenta na motsi. Ta miƙe. Sannan ta fara ja da baya, taku gajere-gajere, fuskarta na wajen buzu, har bayanta ya zo dokin ƙofa.

Haladu ya shiga ya ɗaga faifan da ya kifa da safe. Ga tsohon sawu, ga sabo a gefensa, babban yatsa a karkace ya hau ɗan'uwansa. Wannan karon Alhaji bai ce ƙafa kawai yake gani ba. Ya mayar da wayar aljihu.

"Yaya?"

Ta daɗe tana kallon sawun nata kafin ta ɗago. Ba ƙaninta ta duba ba, Najwa ta duba.

"Kai ba hula kika tsayar da shi gaban mutane," in ji ta. Muryarta ba ta tashi ba. "Ni da aka haifa a gidan nan, sau nawa na ga tsakiyar kansa? Ranar Alhamis ina jin 'yan makaranta ta katanga suna dariya, wai tsoho mai sanƙo, suna jera kai da shi suna ɗaukar hoto. Kwana na yi ina ganinsa yana laluben hularsa."

Ta ce da ta ga ƙofa a jawo, maza sun tafi masallaci, sai ta shiga ta nemi gafararsa ta sauke shi. Ta yi niyyar faɗa, kunya ta riƙe ta, kullum ta buɗe baki sai ya rufe. Ta juya wajen Asiya ta ce da motar 'yan sanda ta zo, a ƙofa za a same ta a tsaye, amma duk da haka ta kwanar da mai goyo cikin kuka, ta yafe mata. Asiya sai kai take gyaɗawa, tana jijjiga 'yarta.

Goggo ta shiga gida ta fito da hoton a rungume. Ko ƙwarzane babu. Ta naɗe saman firam ɗin da wani tsohon rawani fari da ya koma ruwan ƙasa, naɗi sosai irin na malamai, ya sauko ya rufe kan har goshi. Ta ce rawanin Malam ne, a akwatinta yake tun ranar rasuwa.

Najwa ta taɓa rawanin, hawaye na zuba.

"Goggo, ni haka na san shi. In zai yi alwala sai ya cire hular ya ce, riƙe min, amaryata. Ina shekara biyar. Hular ba ɓata ta yi ba, tana hannuna. Ni yake kallo a hoton nan."

Goggo Zinariya ta ɗaga gefen rawanin a hankali, ta dubi fuskar, ta dubi inda idon yake kallo, daidai tsawon ƙaramar yarinya. Ta daɗe a haka. Sannan ta mayar da rawanin ta gyara masa zama.

"To ke kin gani," ta ce. "Sauran mutane ba jikokinsa ba ne."

Haka aka mayar da shi kan ƙusarsa, da rawanin da komai. Malam Badruddeen ya ce shi har yanzu bai yarda da ratayewar ba, amma ya fita ya bar shi a nan. Alhaji Bashari ya tsaya gaban Asiya yana ta murza hula, da ƙyar ya ce ta yi haƙuri, makulli kuma ya ci gaba da zama a hannunta. Ana kiran la'asar tana zaune a zaure tana ba Khairiyya nono, tana shan furar nan da ta ƙi taɓawa tun safe.

Haladu ya koma ɗakin shi kaɗai don ya ɗauko faifan mutane. Hasken taga ya bar buzu ya hau bango. Daga ƙarƙashin rawanin idon nan biyu suna kallon ƙasa-ƙasa, shi kuma yana tsugune, sai ya zamana shi suke kallo. Ya ɗauki faifai, ya ce a tashi lafiya, ya fito.

Asiya ta zo da tsintsiya za ta daidaita rairayi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana duban ƙasa, sannan ta dubi kawunta.

"Kawu, kai ma?"

Ya waiwaya. Ga sawunsa nan layi biyu, manya, duk yatsun suna fuskantar buzu.